Kyanwar Dada Asta da Maganin Shanu

Duk wanda ya ce muku allurar Faransa ce ta ceci kyanwar Dada Asta, ƙarya yake, ko kuwa bai san komai ba. Na ji labarin a kasuwa, na ji shi a bakin direbanmu, har wata ta rantse mini cewa da idonta ta ga kwalbar. Babu allura, babu kwalba. Ina tsaye a wurin, ni na riƙe kwanon ruwa, kuma ranar ba za ta fita daga raina ba.

Ga sababbin zuwa, bari in faɗi yadda ofishinmu na kula da dabbobi a Garuwa yake. Dokta Hamadu shi ne shef, wato shugaban ofis, shi ya yi karatun likitan dabbobi. Ƙarƙashinsa akwai masu allura, su ke fita daji rigakafin shanu. Ni kuwa, da na gama koleji, aka ajiye ni a tagar ɗakin magani, ina miƙa wa makiyaya da dillalai maganin kaska, wanda ake damawa da ruwa a wanke shanu da shi. Aikinmu shanu ne da tumaki, wani lokaci doki. Kyanwa ba ta cikin lissafi.

Wata safiya tsakiyar damina, lokacin da kaska ke yawa, motar Alhaji Buba dillalin shanu ta tsaya a ƙofarmu. Ya fito ya buɗe wa mahaifiyarsa, Dada Asta, tsohuwa tukuf, idonta ya yi rauni, rungume da wani abu cikin zane. Kyanwa ce fara, ita ma tsohuwa, haƙoranta sun zube rabi. Talatu sunanta. Tun rasuwar mijin Dada, su biyu ke kwana ɗaki ɗaya, akushi ɗaya.

Kyanwar na rawar jiki, yawu na dalala daga bakinta. Kunnuwanta da wuyanta cike da kaska, wasu sun ƙoshi sun yi kamar wake. Alhaji ya ce, "Madmazel, a ba ta wani abu mai ƙarfi. Tsohuwa ta ƙi karya kumallo, wai sai Talatu ta ci."

Ina matsowa warin maganin kaska ya buge ni. Ni da nake wuni cikin wannan wari ba ya ɓace mini. Na buɗe baki na ce, "Wa ya shafa mata maganin..."

"Hadiza," in ji Dokta daga bayana, "ɗumama ruwa, ki kawo sabulu. Yanzu."

Haushi ya kama ni, don ba na son a katse ni. Amma na tafi. Ina hura risho na hango shi ta taga ya ja Alhaji gindin dalbejiya, kamar za su yi maganar bijimi. Daga baya Alhaji da kansa ya ba da labarin abin da aka faɗa. Da asuba ya ga kaskar da ke jikin kyanwar ta dami uwarsa, sai ya yi abin da duk mai shanu zai yi: ya ɗebi ragowar maganin garkensa ya goga wa kyanwar a baya. Dokta ya ce masa, "Alhaji, saniya ba ta wanka da harshenta. Kyanwa kuwa duk abin da ka sa mata a jiki, cikinta ka sa. Balle tsohuwar kyanwa." Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai faɗa gaban Dada ba.

Ka'idar ofis, dabba kan tebur ake ɗora ta. Talatu ta ƙi. Ta yaƙushi hannuna, ta nemi tsalle, numfashinta ya ƙara sama. Na ce a ɗaure ta mu gama. Dokta ya dube ni, ya sa aka shimfiɗa tabarma a baranda, ya zaunar da Dada, ya ce ta riƙe abarta a cinya. Sannan shef guda, da farar rigarsa, ya naɗe ƙafa a ƙasa gaban tsohuwa.

Ya wanke bayan kyanwar da sabulu da ruwan ɗumi, ya ɗauraye, ya sake, har warin ya tafi. Ya tsane ta da tawul don kada sanyi ya kama ta. Ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashi. "Kin ga ya yi fari? Kaska ta sha jininta. Ba ta da ƙarfin ɗaukar wani magani yau."

Direban Alhaji ya leƙo ya ce, "Dokta, kananzir fa? Ɗigo ɗaya, duk su saki."

"Ko garwashi," in ji mai gadinmu.

Dada ta juya wajen muryar ta ce, "Kai a sa maka garwashin a kunne, mu ga ko za ka saki." Har Alhaji sai da ya yi dariya.

Dokta ya ɗauko hantsaki ɗan siriri. Ya ce in duba da kyau. Ana kama kaska daf da fata, wajen kanta, ba a cikinta ba, don in ka matse cikin, dattin da ke ciki zai koma jikin dabba. Ba a fizga. A ja a hankali, a miƙe, har ta saki da kanta. Kowace ya cire sai ya jefa ta cikin alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya goge wurin da auduga. Ya bi kunne, ya bi wuya, hammata, har tsakanin yatsu. In Talatu ta fara haki sai ya ajiye hantsakin, ya hau hira da Dada kan tsohuwar kasuwa da yadda kogin Binuwai ke cika a da. Ni ƙafata har ta yi tsami. Makiyaya sun yi layi a tagata, na je na sallame su na dawo, yana nan zaune.

Can Dada ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ɗana likita, hancina bai tsufa ba. Na san warin garken Buba." Alhaji ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Don ni ya yi. Kai ma don ni ka yi shiru. Allah ya yi muku albarka ku biyu."

Dokta ya miƙo mini hantsakin ya ce in cire ta ƙarshe, ƙarama, a bayan kunne. Hannuna na son fizga. Na danne shi. Ta fito cif, har da kanta.

Kafin azahar rawar jikin ta lafa. Dokta ya gaya musu gaskiya, cewa bai yi alkawari ba, sai an ga kwanaki. Ya ce a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, a hana ta zuwa wajen turke, a riƙa laluba jikinta kullum. Dada ta ce wannan aikin yatsunta ne, ba sai da ido ba. Aka kawo kindirmo, Talatu ta lasa kaɗan, sannan tsohuwa ta yarda ta sha nata.

Bayan mako Alhaji ya aiko cewa kyanwa ta hau katanga. Daga nan labarin allurar Faransa ya tashi, don mutane ba sa yarda sabulu da zaman tabarma su isa. Dokta ya ji, ya ɗaga kafaɗa.

Ni ban ɗaga ba. Garin nan kowane gida akwai ragowar maganin shanu a bayan ƙofa, kuma ta tagata yake fita. Na sayi hantsaki nawa na rataye a wurin. Daga yanzu duk wanda ya miƙo hannu, Alhaji ne ko makiyayi, ba zai karɓa ba sai ya amsa mini tambaya ɗaya: akwai kyanwa a gidanku?