Ranar da Baba ya karɓi alli

A aji huɗu na sakandare, a Lafia, malamin lissafi ya riƙe takardun gwaji biyu, tawa da ta ƙawata. Gwajin na indisis ne, ƙananan lambobin nan da ake ɗora wa harafi a ka. An ce mu sauƙaƙa x² × x³. Duk ajin sun tara lambobin, sun samu x⁵. Ni da ita muka ninka, muka rubuta x⁶, kuma haka muka yi ta yi har ƙarshen takarda.

"Kuskure iri ɗaya, benci ɗaya," in ji malamin. "Ɗaya ta kwafa. Wadda ta kwafa za ta bar ajin kimiyya."

Ni dai na san ban kwafa ba. Babana ne, tsohon malamin makaranta, ya koya mini a tsakar gidanmu na haya a unguwar Akurba. Saura wa ke nan? Ƙawar tawa 'yar Eggon ce, ɗakinsu na kallon namu, kuma burinta na duniya ta zama nas. Na fara tuno yadda take karkato wuya idan ina rubutu, da yawan aron rula da ba ta da aikin yi da ita. Har gyaɗar da take ba ni na ce ashe toshiyar baki ce.

Na tsare ta a bakin rijiya. Ta ce da irin Hausarta, "Wallahi ni bai kwafa ba. Babanki yana koya miki, ni yana ɓare agushi a ƙofa, yana ji duka."

Ban yarda ba. Wa ke koyon indisis da kunne, hannu cikin agushi? Amma na kai wa Baba maganar, shi kuwa ransa ya ɓaci. Ba zancen kwafa ne ya dame shi ba, jan biron da aka yi wa amsarsa ne. Washegari ya sa babbar riga ya bi mu makaranta.

Malamin ma bai yarda da labarin agushin ba, sai wani murmushi yake yi da gefen baki. Baba ya ce a ba shi alli. A ofishin malamai ya rubuta tambayar a allo, da kyakkyawan rubutunsa mai kwanciya, ya ninka biyu da uku, ya ja layi biyu ƙarƙashin x⁶, ya karkaɗe hannu.

Murmushin malamin ya ɗauke. Cikin ladabi ya rubuta x sau biyu, ya rubuta x sau uku a gefensu, ya ce, "Baba, don Allah a ƙirga."

Baba ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, tausayinsa kuma ya fi kunyar. Ƙawata ta tsira da kujerarta, amma ko ita ba ta ɗaga kai ba.

A hanyar gida ya tsayar da babur a gindin mangwaro. Na ɗauka mai ne ya ƙare. Sai ya ce mini, da yana koyarwa a wani ƙauye bayan garin Obi, makarantar ba ta da malamin lissafi, shi ya riƙe darasin har ya yi ritaya.

"Duk haka na koya musu," ya ce. "Kuma babu yaron da ya taɓa yi mini musu."