Takun Usmanu na Fari

Yau na ga abin mamaki, amma ba ni da shaida.

Ni ke riƙon 'ya'yan mata masu tsinkar auduga, a rumfar bakin hawasha, wato gonar audugar. Usmanu ɗan Halima ya shekara biyu yana jan gindi, kullum ina murza masa man riɗi a ƙafa. Na tashi korar akuya daga randa, sai na ji an kama mini zane. Usmanu ne a tsaye, ya biyo ni! Na ƙwala kira, babu kowa sai jarirai.

Da yamma ya taka zuwa wurin uwarsa. Ta rangaɗa guɗa: "Iya, duba, takunsa na fari!"

Na ce, "Masha Allah."

Matan duk suka raka shi gida. Ni na tsaya naɗe tabarmi.