Lafiyar Dikko a Bakin Surukinsa

Dikko direban motar ɗaukar marasa lafiya ne a wani asibiti a ƙasar Bukkuyum, ko da yake, in gaskiya za a faɗa, da yawan waɗanda yake ɗaukowa sun riga sun gama da ciwo. A Nasarawa Burkullu aka haife shi. Noma ya ƙi shi, shi ma ya ƙi noma, sai ya bi wata tsohuwar akori-kura yana karen mota, yana lodin gero da dawa zuwa kasuwar Gummi, har hannunsa ya faɗa a sitiyari. Ranar da ya sami aikin asibiti innarsa har guɗa ta yi, wai ɗanta ya zama ma'aikacin gwamnati, wahala ta ƙare. Ta ƙare kam!

Da farko masu naƙuda yake ɗaukowa da waɗanda maciji ya sara. Da 'yan bindiga suka buɗe tasu kasuwar sai aikin ya canza. A bugo waya a ce an faɗa wa wani ƙauye ta wajen Gwashi, kowa na gudowa, shi kuwa can ake tura shi. Shi ne direba, shi ne mai ɗauka, shi ne mai wanke bayan mota da bokiti in an dawo. Sannu a hankali barci ya ƙaurace masa. Nama ya fita ransa. Babur ya yi ƙara a bayansa, sai ka ga ƙato ya zabura kamar akuya. Matarsa Bara'atu kaɗai ta san yakan kewaya bayan ɗaki ya yi kuka, ya fito ya ce hayaƙin murhu ne. Abu ɗaya yake so a duniya: a ɗauke shi daga wannan hanya, ko gadin ƙofa ne a ba shi. To, wa zai faɗa wa? A wurinmu, namiji in ya ce zuciyarsa ta gaji, sai a tambaye shi ko yana sallar asuba a kan lokaci.

Ana nan sai wata ƙungiya ta turo likitar ƙwaƙwalwa daga Kudu, za ta auna damuwar masu aikin ceto, wanda abin ya taɓa a canza masa aiki a yi masa magani. Bara'atu ta ce, "Don Allah, maigida, ka amayar da komi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Dikko ya yi kwanaki yana tsara maganarsa.

Likitar ba ta jin Hausa, Dikko kuma Turancinsa bai wuce na lambar mota ba. Shugaban asibiti, mutum mai hangen nesa, ya ce a nemo dattijo mai amana ya yi tafinta. Duk faɗin garin nan aka rasa wanda za a ɗauko sai Malam Abdussalam, tsohon hedimasta, mahaifin Bara'atu. Surukin Dikko ke nan, wanda ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Murtala, ɗayan direban, shi ya fara shiga. Shi ba ya auren 'yar kowa a ɗakin, don haka ya zazzage cikinsa tas, ya fito yana fyace hanci. Dikko ya shiga, ya ga wanda ke zaune. Ya tuɓe takalma ya durƙusa. Likita ta nuna masa kujera. Ina! Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa? Ita kuwa ta yi murmushi, ta ga mutum mai ladabi.

"Tana tambaya ko kana samun barci," in ji Malam.

"Alhamdu lillahi, Baba." Ya tuna Bara'atu, ya yi ta maza. "Sai dai idon kan ƙi, wani lokaci har asuba."

Malam ya juya ya zuba Turanci. Wata nas da ke bakin ƙofa ce ta ba da labari daga baya: cewa ya yi Dikko mutum ne mai raya dare da ibada.

"Tana tambaya ko abin da kake gani yakan dawo maka."

"Yakan dawo, Baba."

Malam ya ce da likita, kaifin ƙwaƙwalwa gare shi, ba ya manta hanya. Tambayar kuka kuwa ko isar da ita bai yi ba, ya amsa da kansa har da ɗaga yatsa. Dikko na durƙushe, kansa a ƙasa, yana jin kamar ya kurma ihu.

Sakamako ya fito. Murtala aka mai da shi sito, ƙarƙashin fanka, yana shan magani. Dikko kuwa, masha Allah, aka ce ba a taɓa ganin dauriya irin tasa ba. Aka tara ma'aikata aka tafa masa, aka haɗa masa hanyar Murtala ta wajen Anka a kan tasa, tunda ƙarfe ne.

Da aka watse, Malam Abdussalam ya kira shi gindin dalbejiya.

"Dikko, tun da ka shigo na ga hannunka na kakkarwa. Ɗiyata ma ta gaya ma innarta komi. Sai na ce, wanga yaro in na bari ya yi magana, gobe gari ya ɗauka mijin ɗiyata ya taɓu, sai asibitin mahaukata na Kware. Shi ya sa na rufa maka asiri. Ba sai ka gode ba."

Ashe ya sani! Dikko ya buɗe baki, sai abin da aka koya masa tun yana yaro ya fito.

"Na gode, Baba. Allah shi saka da alheri."

"Amin, amin."

Daga bakin ofis aka ƙwala kira: "Dikko! An bugo daga Gwashi!"

Malam ya dafa kafaɗarsa. "Tashi, jarumi, jama'a na jiranka."

Ya tashi ya shiga mota. Sai da ya sa hannu biyu kafin makulli ya sami raminsa.