Ranar da Aka Karanta Inna a Karofi

Ranar ɗaya ga Oktoban 1979, da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina tsakar gidanmu a Ƙofar Mata ina tsintar wake, rediyon maƙwabta na ta kawo labarin rantsarwa, sai Malama Rabi ta yi sallama. Shekarata tara a lokacin. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, doguwa mai tabarau, tana bin gidaje da jakar fata da 'yar rikoda. Ita ce ta taɓa wuni a zaurenmu tana lallashin Baba har ya yarda aka sa ni firamare, shi ya sa duk ranar da ta zo da gudu nake ɗauko mata tabarma.

Baba marini ne, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, ko ranar idi launin ba ya fita. A shekarun nan yadin kanti ya cika kasuwa, rijiyoyin rini na karofi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci sai ya wuni yana jiran zane guda. Inna ce ke riƙe da gidan da ɗinkin hula da dakau, amma ba a taɓa furta haka ba. In ta auno gero, sai ta juye a buhun Baba kafin ya dawo. Da yamma shi zai kwance bakin buhun ya ce a ɗebi na tuwo. Su biyun sun san yadda abin yake, kuma a haka suke zaman lafiya.

Ranar nan Malama ta ce yanzu an samu sakewa, kowa zai iya magana, kuma tana rubutu ne a kan wahalar da matan kulle ke sha ba tare da an san da su ba. Ta yi alkawarin ba za ta sa suna ba. Inna tana ɗinki tana dariya, ta ba ta labarin komai kamar tana hira da yayarta, har da na buhun.

Bayan wata biyu rubutun ya fito a jarida. Babu suna, gaskiya ne, amma an ce matar wani marini ce a Ƙofar Mata, mai kurna a ƙofar gida, kuma kurna ɗaya ce a lungunmu. Na taso daga makaranta na kai wa Baba abinci, na tarar wani mabugin zane da ya yi boko yana karanta wa marina jaridar a bakin rijiyar rini. Dariya ta kaure. Wani ya ce, "Malam Sule, yau me aka zuba maka a buhun?" Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da tsoma zanensa. Kwanon da na kawo kuwa ko buɗe shi bai yi ba.

Bai daki Inna ba, bai ko ɗaga murya ba. Kwana uku bai ci tuwon gidan ba. A na huɗu ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Abin da Allah ya rufa mana, Hauwa, kin kai shi kasuwa." Da la'asar ta tafi gidansu a Ƙofar Ruwa da ƙanwata a goye. Ni aka bar ni hannun Goggo, yayar Baba, shara da surfe da ɗebo ruwa a famfo suka dawo kaina. Na daina fita gaɗa, don yara sun sa buhun Baba a waƙa.

Malama ba ta sake zuwa ba. Sabuwar gwamnati ta ba ta muƙami, daga baya ta tafi ƙasar waje ta zama dakta, ta rubuta littattafai a kan 'yancin mata. A kwalejin horon malamai na karanta ɗaya, na ga Inna a ciki da Turanci, shafi ɗaya da rabi. Sau ɗaya na sake ganin Malama, a wani taro, ta tsufa. Na faɗa mata ko ni wace ce, da abin da ya faru, da cewa Inna ta rasu ba ta koma ɗakinta ba. Ta riƙe hannuna, sannan ta ce, "Amma gaskiya na rubuta, 'yata."

Yanzu matan lungunmu da waya suke ciniki daga ɗaka, mazansu ma alfahari suke yi da su, wataƙila kuma da hannun Malama a wannan sauyin. Ni ma karatun da nake ci da shi ita ce sila. Amma har yau na kasa yi mata godiya da zuciya ɗaya. Gaskiya ta rubuta, sai dai gaskiyar ba tata ba ce, ta Inna ce.