Ranar da Malam Ya Shiga Ɗakin Surukinsa

Ni Rahamatu ban taɓa kiran sunan mijina ba, kuma ba yau zan fara don ya kwanta dama ba. Shi ne malamin asibitin da ya riƙe ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Gwarzo zamanin Turawa, shekara ashirin da ɗoriya. Dogo ne siriri, ga sanyin magana har ya ba ka haushi. Ga tambayar tsiya! Mutum ya zo da ciwon kai, sai ya tsare shi da zancen fitsari da abin da ya ci jiya. Nakan ce masa, "Malam, kai alƙali ne ko mai magani?" Sai ya yi murmushi kawai, ya ci gaba da wanke hannunsa.

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, na je Gammo ganin gida, na tarar da mahaifina Baba Dabo a kwance. Kwana biyu ke nan yana murƙususu, kome ya sha sai ya dawo. Wai ciwon ciki ne kawai. Na aika wa Malam ya zo da maganin wankin ciki.

Da hantsi sai ga shi a kan kekensa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, kai a sunkuye, yadda suruki ke yi. Ta bayan asabari suka gaisa. Sai ya fara halin nasa.

"Baba, yaushe rabonka da bayan gida?"

Malam ya ƙara matsawa kusa da asabarin.

"Iska fa, tana fita?"

Wayyo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige! Baba ya ce cikin nishi, "A ba ni maganin kurum, Allah ya yi maka albarka."

Malam bai ba da ba. Ya ce a nuna masa aman, ya ga kore ne shar. Yana ɗago kai sai ya hangi Ja'afaru wanzami a gindin rumbu, ya tura kibiya cikin garwashi tana ja.

"Wa za a yi wa sakiya?"

Ja'afaru ya sassauta murya. "Malam Gali, ƙurji ne ya fito wa tsoho a matsematsi. Ni kaɗai ya gaya wa. Yanzu zan huda shi ya huta."

Ban taɓa ganin fuskar Malam ta canza irin ta ranar ba. Ya ce, "Ƙurji ba ya sa koren amai, ba ya hana iska fita. Ajiye kibiyar nan." Ya miƙe, ya ɗaga asabari, ya shige ɗakin surukinsa kai tsaye.

Gida ya ɗauki salati. Inna ta dafe ƙirji. Ni kuwa har na fara masifa, ina cewa ya kunyata ni a gidanmu. Muna jin Baba yana cewa, "Haba, haba, ina kunya?" Malam ya ce, "Baba, ka gafarce ni, kunyar nan ce za ta kai ka kabari. Yi tari in gani."

Da ya fito, zufa sharkaf, ya yi mana bayani. Kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa ciki, ko da tari bai motsa ba. Hanji ne ya sauko ya maƙale. Da an soka kibiya, hanjin za a huda. Da ya sha maganin da na ce a kawo, cikin ne zai fashe. Ashe da bakina na nemi abin da zai kashe ubana.

Ya hana a ba shi ko kurɓin kunu. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai likita a Kano, kuma yau, kafin hanjin ya mutu. Ƙannen Baba suka ce a bari a ga gobe. Mai sanyin maganar nan ya daka musu tsawa, wallahi sai ga ƙarti huɗu sun saɓi gadon kara zuwa bakin hanya. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya tare motar gyaɗa, aka shimfiɗa Baba a kan buhuna, shi yana riƙe da kansa har birni.

Kafin magariba aka yi masa aiki. Likita ya ce hanjin ya fara baƙi, amma ya farfaɗo. Alhamdu lillahi! Bayan sati uku Baba ya dawo da ƙafarsa, kuma sai da ya ƙara noma damina goma sha huɗu.

Ranar da muka je barka, Malam ya sake durƙusawa a bakin ƙofa, yana jiran faɗa. Baba ya jawo akushin tuwonsa, ya ɗaga asabarin da kansa.

"Shigo ka sa hannu," in ji shi. "Wanda ya ga abin da ka gani ai ya wuce suruki, ɗa ne."

Ina tsaye a tsakar gida ina kallonsu suna ci a akushi ɗaya, hawaye na zuba, ban ma share ba.