Mai Jar Mota da Birkina

A garejin bayan tashar jirgin Kafanchan, wata dattijuwa mai ƙamshin citta tana tsaye kan bakanike. Ya cire lallausar kujerar jar motarta, yana ɗaure wata mai tauri dab da ƙasa. Daga ganin hannuwanta, ta sha noma kafin ta kama sitiyari.

Ni kuwa, malamin makaranta sarkin shisshigi, na zaci ɗanta ne zai tuƙa, na ce, "Mama, ɗanki zai yi ciwon baya."

Ta tuɓe takalmi, ta shiga, ta taka sabon birki sau uku tana kasa kunne.

"Motata ce, Malam. Ran Asabar zan shiga filin tsere, ba na son birki ya ci amanata a kwana. Na babur ɗinka fa?"

Na dubi takalmina. Tun bikin Ista da shi nake tsayar da babur ɗina.