Ta'aziyyar da na rubuta

Ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Tawa aka saka ni a gurup ɗin ƴan ƙauyenmu na wajen Barmu. Mutanenmu sun daɗe suna ƙin babbar waya, sai da suka ji ƴaƴansu na Abijan da Libiya suna hira a ciki da harshen gida. Nan da nan har masu zaginta suka saya.

Ba a rubutu a gurup ɗin, murya ake aikawa. Ni kuwa haushi abin yake ba ni. Mutum ya kwashe minti uku yana tambayar gajiya da iyali da tumaki kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi! Nawa layi biyu ne, a rubuce.

Da tsohon maƙwabcinmu ya rasu, na tsara ta'aziyya mai kyau na tura. Bayan kwana uku inna ta kira ni.

"Kowa ya yi gaisuwa, har na Abijan. Kai ɗai na ba a ji ba. Mi munka yi maka?"

"Inna, ai na rubuta."

"Wa za shi karantawa? Ana ta hwaɗin ɗana ya hi ƙarhinmu. Ko gidan makokin kumya nika ji in shiga."

Ranar na kasa zama. Na ba yara aiki, na zagaya bayan aji, na danna waya, na ɗauki muryata, na goge. Na dawo, na sake fita. Ina da shekara shida aka kawo ni birni, bakina ya sauya, kuma tsoro nake ji su yi mini dariya. Sai da aka tashi daga lakwal na rufe ido na aika, a bakin titi, ƴan kabu-kabu suna ta wucewa.

Da la'asar amsa ta zo. Matar mamacin ce, da wayar wani.

"Ɗana, na ji gaisuwa, Allah shi ba da lada. Amma ka sa ni kuka. Na aza ubanka na yat taso. Haka yaka gaisuwa, da gaggawa, kamar ana koratai."

Mahaifina ya rasu ban kai shekara huɗu ba, ko tarinsa ban tuna ba. Na koma kan muryata na kunna. Da ta ƙare na sake kunnawa.